Darasin Kimiyya: Sinadaran Wurin Aiki da Hayaƙin Taba, da Abin da Suke Yi wa Jiki Idan Sun Haɗu

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:
1. Faɗin hanyoyin da sinadari ke bi ya shiga jikin mutum.
2. Bayyana yadda huhu ke tsabtace kansa, da yadda hayaƙin taba ke lalata wannan tsari.
3. Kawo misalan sana'o'i da irin gubar da ke tattare da kowace.
4. Nuna da lissafi dalilin da ya sa ma'aikaci mai shan taba ya fi kowa shiga haɗari.
5. Jera matakan kariya tun daga mafi ƙarfi har zuwa mafi rauni.

Gabatarwa

Mai walda da mai fentin mota da bakanike da kafinta da manomi mai feshi da mai fasa dutse duk suna wuni a cikin iskar da sana'arsu ta gurɓata. Yawancinsu sun san hayaƙin na sa tari, ƙurar na sa kaikayin ido, amma suna ɗaukar hakan wahalar neman halali ce kawai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙididdigar haɗin gwiwa, inda suka nuna cewa a shekarar 2016 kimanin mutum miliyan 1.9 ne suka mutu ta dalilin aikinsu, kuma wajen 450,000 daga cikinsu shaƙar ƙura da hayaƙi da tururin sinadarai ne ajalinsu. Ita kuwa taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara.

An daɗe da gane cewa sana'a na iya zama tushen ciwo. A 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar marar lafiya irin aikin da yake yi. A 1775 likitan tiyata Percivall Pott na birnin Landan ya lura cewa masu share bututun hayaƙin gidaje, waɗanda suka fara aikin tun suna yara, suna yawan kamuwa da cutar dajin fatar maraina saboda kunkunniyar da ke manne musu a jiki. A 1950 kuma Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar shan taba da dajin huhu a Ingila. Darasinmu na yau yana kan mahaɗar waɗannan hanyoyi biyu, wato gubar sana'a da hayaƙin taba.

1. Ta ina sinadari ke shiga jiki?

Hanyoyi uku ne manya.

Ta farko ita ce numfashi, kuma ita ce mafi sauri. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa, a wuni da kwana kuma yakan shaƙi iska wajen lita 10,000. Mai aikin ƙarfi yana shaƙar ninkin wannan, yana kuma shaƙa ta baki, wato ƙurar ta tsallake tacewar da hanci ke yi.

Ta biyu ita ce fata. Duk sinadarin da ke narkar da maiko, kamar fetur da tina da yawancin magungunan feshi, yana iya ratsa fata ya shiga jini ko da babu rauni. Zafi da gumi na ƙara saurin shigar.

Ta uku ita ce baki. Ba sai mutum ya sha guba da gangan ba. Wanda ya ɓare goro ko ya ci tsire ko ya ɗauki karan sigari da hannun da bai wanke ba, ya kai gubar bakinsa da kansa.

Girman illa ya dogara ne da abubuwa uku: ƙarfin gubar, yawan abin da ya shiga, da tsawon lokacin da aka ɗauka yana shiga. Saboda haka illar iri biyu ce. Akwai ta nan take, kamar jiri da amai da suma. Akwai kuma mai jinkiri, wadda ke taruwa kaɗan-kaɗan ba tare da mutum ya ji komai ba. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan ta biyun ta fi wuyar ganewa, domin sau da yawa ba ta bayyana sai bayan shekara 10 ko 20 ko ma 40, lokacin da mutum ya daɗe da barin sana'ar.

2. Yadda huhu ke tsaron kansa

Iska na bi ta hanci ta gangara maƙogwaro, daga nan bututun ya rabu biyu, kowane reshe ya ci gaba da rarrabuwa har ya ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska. Yawan waɗannan jakunkuna ya haura miliyan 300, bangonsu kuma siriri ne ƙwarai, ta yadda iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini cikin ƙiftawar ido. Wannan sirantaka da ke sauƙaƙa numfashi ita ce kuma ke sauƙaƙa wa guba shiga.

Allah ya tanadar wa huhu masu tsaro hawa uku. Gashin hanci na tare manyan ƙurar. A cikin bututun iska akwai majina mai danƙo da ke kama ƙura, ƙarƙashinta kuma akwai miliyoyin 'yan ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana kamar tsintsiya, suna turo majinar sama har mutum ya tofar ko ya haɗiye. Can cikin jakunkunan iska kuwa akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ke haɗiye duk ƙurar da ta kuɓuce wa na farko da na biyu.

Ku riƙe wannan bayani da kyau, domin a kansa sauran darasin ya ginu.

3. Me ke cikin hayaƙin taba?

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa cutar daji. Ga huɗu da ya kamata ku sani:

Nikotin. Shi ne ke kama mutum ya kasa dainawa. Yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, yana ƙara bugun zuciya, yana tsuke jijiyoyin jini.

Kwalta. Ita ce baƙin danƙon da ke rina yatsu da haƙora, kuma a cikinta yawancin masu haddasa daji suke.

Kabon monoksayid. Iska ce marar launi marar wari. Tana manne wa sinadarin da ke dakon oksijin a jajayen ƙwayoyin jini fiye da yadda oksijin ɗin ke manne masa sau 200 da 'yan kai. Ita ce dai ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. Gawayin shisha ma yana fitar da ita da yawa.

Gubobin masana'antu. A cikin hayaƙin akwai benzin da fomalin da kadmiyom da dalma. Waɗannan su ne dai sinadaran da ake fargaba a gareji da masana'anta. Ma'aikacin da ya wuni yana shaƙar benzin daga fetur, idan ya kunna sigari a lokacin hutu, ƙari ya yi wa kansa.

Bayan wannan, hayaƙin na sanyaya kaɗawar 'yan gashin nan na bututun iska, daga baya ya kashe da yawa daga cikinsu, yana kuma sa jiki ya ƙara fitar da majina. Majina ta yi yawa, masu kwashe ta sun ragu. Wannan ne asalin tarin asuba da masu shan taba ke fama da shi.

4. Sana'o'i da gubobinsu

Dalma. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara suka ga agwaginsu na mutuwa. Ba a jima ba yara suka fara amai da ciwon ciki da farfaɗiya, suna mutuwa. Ƙungiyar likitocin na-gari na-kowa, MSF, ta ankarar da hukumomi, gwaje-gwaje kuma suka nuna gubar dalma ce. Duwatsun da masu haƙar zinare ke haƙowa cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gari, a daka su a turmi a tsakar gida ko a niƙa su a injin niƙa, a shanya garin a inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta bi ƙasa da kwanuka da tufafi. An ƙiyasta yara fiye da 400 ne suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, dubbai kuma suka buƙaci magani. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin maganin ya yi amfani. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Jikin yaro na zuƙe dalma ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa taɓin da ba ya gyaruwa. A jikin babba tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda da ƙarancin jini da raunin haihuwa. Tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, idan mace ta sami ciki sai ta fito ta shiga jikin ɗan tayi. Masu fasa tsohon batirin mota da masu narka dalma suna cikin wannan haɗari, haka ma iyalansu idan aka koma gida da kayan aiki a jiki.

Ƙurar dutse. Dutse da yashi na ɗauke da sinadarin silika. Idan aka fasa dutse ko aka niƙa shi ko aka yanka tayil a bushe, sai ƙura mai laushin gaske ta tashi ta shige har jakunkunan iska. Fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta, ita kuma ta kashe su, wurin ya yi tabo. Tabo kan tabo, har huhu ya ƙandare ya kasa buɗewa. Ana kiran cutar silikosis. Ba ta da magani, tana kuma ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka wajen sau uku.

Benzin. Yana cikin fetur. Yana lalata ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, yana kuma haddasa dajin jini. Ku dubi abin da ke faruwa a gareji: yaron shago zai sa tiyo a tankin mota ya zuƙa da baki har fetur ya taɓa harshensa, ya tofar, ya juye a galan. In an gama aiki sai ya wanke baƙin man da ke hannunsa da wannan fetur ɗin. A aiki ɗaya benzin ya shiga ta baki, ya shiga ta hanci, ya shiga ta fata. 'Yan bumburutu da masu zuba mai a gidajen mai ma suna shaƙarsa kullum.

Magungunan feshi. Da yawa daga magungunan kashe ƙwari, har da wanda ake kira piya-piya, suna toshe wani sinadari ne da ke tsayar da saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Idan ya toshe, saƙon ba ya tsayawa: yawu ya yi ta zuba, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta tsuke, jiki ya hau rawa, ƙirji ya cika da ruwa. Ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake ko masara kuwa tana fitar da iska mai kisa, don haka ba a kwana ɗaki ɗaya da hatsin da aka sa wa ita.

Sauran. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya hayaƙin injin dizal cikin jerin tabbatattun masu haddasa daji a 2012, ta sanya hayaƙin walda a 2017. Ƙurar katako ma tana cikin jerin, tana kawo dajin kogon hanci. Ƙurar auduga a masaƙu da wuraren gurza tana sa ƙirji ya riƙe, musamman ranar da aka dawo aiki bayan hutu. A majemun zamani irin na Challawa da Sharaɗa a Kano ana aiki da gishirin kuromiyom mai cin fata, ramukan dagwalonsu kuma kan tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke iya kayar da mutum nan take. Masu ƙona zaiba don ware zinare suna shaƙar tururin da ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda.

5. Idan taba da gubar aiki suka haɗu

Asbestos wani ma'adini ne mai zare-zare da ba ya cin wuta, an yi amfani da shi sosai wajen yin rufi da silin da birkin mota. Idan ya farfashe, zarensa na shiga huhu ya zauna. A 1979 Hammond da Selikoff da Seidman suka wallafa sakamakon bincike a kan ma'aikatan asbestos 17,800 na Amurka da Kanada. Sun ƙirga mutum nawa ne dajin huhu ke kashewa a shekara cikin kowane mutum 100,000. Ga abin da suka samu, an cike ɗigon lissafin:

Ba taba, ba asbestos: 11
Asbestos kaɗai: 58
Taba kaɗai: 123
Taba da asbestos: 602

Mu yi lissafi tare. Asbestos kaɗai ya ƙara 47 a kan 11. Taba kaɗai ta ƙara 112. Da a ce illar biyun tarawa ake yi, da sai mu ce 11 + 47 + 112 = 170. Amma abin da aka gani 602 ne. To mu gwada ninkawa. Asbestos ya ninka haɗarin kusan sau 5, taba ta ninka shi kusan sau 11. Biyar sau goma sha ɗaya 55 ne, kuma 602 raba 11 ya kusa 55. Ashe a wannan bincike illolin biyu ninka juna suka yi. An ga makamancin wannan ƙarfafa juna tsakanin taba da iskar radon da ke taruwa a ramukan haƙar yuraniyom, abin da ya shafi duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin ƙasa a mahaƙa irin ta Akokan kusa da Arlit a Nijar, wadda aka rufe a 2021.

Me ya kawo haka? Dalilai huɗu ne:

Na ɗaya, taba ta raunana masu kwashe ƙura, saboda haka abin da mai lafiya zai fitar cikin sa'o'i yakan daɗe a huhun mashayi.

Na biyu, ƙurar da ta zauna tana sa kumburi da sabunta ƙwayoyin halitta a kai a kai, sinadaran taba kuma suna lalata ƙwayoyin gadon da ke cikinsu. Ƙwayar da ta lalace kuma take yawan rabuwa, ita ce mafarin daji.

Na uku, guba ɗaya ce ke zuwa ta hanya biyu. Direban da ya wuni cikin hayaƙin tasha yana da kabon monoksayid a jininsa kafin ma ya kunna sigari.

Na huɗu, karan sigarin kansa na zama abin dakon guba. Ƙurar dalma ko maganin feshi da ke yatsa na manne wa takardar, wuta ta mayar da shi tururi, ya tafi huhu kai tsaye.

Akwai kuma wata matsala ta daban. Mashayi ya saba da tari da haki, don haka idan ciwon sana'a ya fara, sai ya ɗauka tabar ce, ba zai je asibiti ba sai abu ya yi nisa. Abokan aikinsa da ba sa sha ma ba su tsira ba, domin hayaƙin da wani ya busa yana kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a duniya duk shekara.

6. Matakan kariya, daga mafi ƙarfi

1. A kawar da gubar ko a musanya ta. A wanke hannu da sabulu da ruwa maimakon fetur, a yi amfani da famfon hannu maimakon zuƙa da baki.
2. A tare ta daga tushe. A jiƙa dutse ko tayil da ruwa kafin a yanka, a yayyafa ruwa kafin shara, a yi walda da fenti inda iska ke ratsawa.
3. A gyara tsarin aiki. Kada a ci ko a sha ko a kunna taba a wurin aiki. A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska na bayan mai feshi. A yi wanka a canza kaya kafin a koma gida, kayan aikin kuma a wanke su daban. Yara da masu juna biyu su nisanci wurin.
4. A sa kayan kariya. Su ne na ƙarshe saboda sun fi saurin gazawa. Rawani ko hankici ba ya tare ƙurar silika. Takunkumin N95 na tare ƙura amma ba ya tare tururin fenti da tina, wannan sai mai gwangwanin gawayi. Takunkumi kuma sai ya manne da fuska yake aiki, cikar gemu na barin kafar da iska ke bi, saboda haka mai gemu ya fi buƙatar matakai uku na farko.

Masu fenti da masu walda da yawa kan sha madara bayan aiki da nufin wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce.

Doka ma tana da abin cewa. A Najeriya dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a da cikin wuraren aiki, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ya haddasa.

7. Taimakon gaggawa

A fitar da mutum zuwa sarari, amma mai ceto kada ya faɗa rami ko tanki ba tare da kariya ba. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa da sabulu. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin idan fetur ko kananzir ya biyo amai ya faɗa huhu ya fi ɓarna. A garzaya asibiti tare da kwalbar ko kwalin maganin, don likita ya san abin da zai karya.

8. Amfanin daina taba

Tabon silika ba ya gogewa, zaren asbestos ba ya fita, amma ita taba ana iya ajiye ta. Cikin awa 12 da dainawa kabon monoksayid na jini ya sauko daidai. Cikin wata 1 zuwa 9 tari da haki su ragu. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya koma kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 haɗarin dajin huhu ma ya koma kusan rabi. A lissafinmu na ɗazu, taba ce babbar lambar da ake ninkawa da ita, kuma ita ce wadda ma'aikaci ke da iko a kanta ko da mai gidansa bai gyara komai ba.

Auna fahimta

1. Kawo hanyoyi uku da sinadari ke shiga jiki, da misali ɗaya na kowace.
2. Me ya sa yaran Zamfara suka fi iyayensu cutuwa, alhali iyayen ne ke haƙar zinaren?
3. Idan wata ƙura ta ninka haɗarin cuta sau 3, taba kuma sau 10, nawa haɗarin zai zama idan sun ninka juna?
4. Me ya sa takunkumi ya zo a ƙarshen jerin matakan kariya?

Aikin gida

Kowa ya ziyarci mai sana'a ɗaya a unguwarsu, ya gaishe shi cikin ladabi, ya nemi izinin kallon aikinsa daga nesa. Ku rubuto sinadaran da yake taɓawa, hanyar da kowanne zai iya bi ya shiga jikinsa, da gyara guda biyu da za a iya yi a wurin ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Kada ku rubuta sunansa. Za mu tattauna abin da kuka samo a darasi na gaba.